Sikelin kicin ko kofunan awo wajen auna oat?

'Yar'uwa mai tambaya tsakanin sikelin kicin da kofunan awo, ni dai sikeli zan ce ki saya, kada ki ɓata kuɗinki.

Kofi cika yake gani, ba ruwansa da nauyi, shi kuwa oat iri-iri ne. Wanda aka matse ya yi fale-fale, rabin kofinsa giram 40 ne, haka kamfanin Quaker ke rubutawa a kwalinsa na Amurka, ke nan kofi guda 80. Amma ki ɗan girgiza kofin ki danna da hannu, sai ki ga ya doshi 90. Wanda aka ɓarza kamar tsaki kuwa, kwatan kofi kaɗai ya kai giram 40, cikakken kofinsa 160, ninki biyu cur. Shi kansa kofin ba a yi ittifaƙi a kansa ba: na Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostareliya 250.

Na sayi sikelina ne lokacin da aka ƙayyade wa Hajiyarmu yawan tuwon oat da za ta riƙa ci saboda suga. Garin da nake niƙa mata wata rana ya yi laushi, wata rana da ɗan tsaki-tsaki, to ta yaya kofi zai faɗa miki gaskiya? Yanzu kwano nake ɗorawa, in danna maɓallin ya koma sifili, in zuba har lambar ta cika. Ita Hajiya da ta ce kayan 'yan boko ne, yau da kanta take jawo kujera ta saka tabarau tana karanta lambar, in na zarce da giram biyu ta ce in kwashe. Tuwon kuma kullum kaurinsa ɗaya. Har ruwan a kai nake aunawa, tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne: kunu, oat giram 40, ruwa 240, shi ke nan.

Kofunan ina da su, na roba masu launi-launi, rubutun jikinsu ya goge tun wankin farko-farko. Suna yi wa madara da mai, iyakarsu ke nan.

Kafin ki samu sikelin, ga abin riƙewa: cokalin awo babba, mai mililita 15, yana ɗaukar oat fale-fale kamar giram 5. Gwangwanin madara bai kai kofi ba, wajen kashi biyu cikin uku ne, ki lissafa shi giram 55.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu sayarwa. Akwai sikelin da an jima da kwankwatsa shi, a goge a mayar kwali a ce sabo ne. Ki je da ledar taliya mai giram 500 da ba a buɗe ba, ki ɗora a gaban mai shagon. In lambar ta yi nisa, ko tana ta rawa ta ƙi tsayawa, ajiye masa kayansa. Masu auna oat daga buhu kuma, juya gwangwaninsu ki duba gindin, wasu sun buga shi ya shige ciki.

Sikelin kuwa, ki nemi mai ɗaukar kilo 5, mai ƙirga giram ɗai-ɗai, wanda ke cin ƙananan batir irin na rimot. Mai batir kamar kwabo, ranar da ya mutu sai kin zaga kasuwa.