Air Jordan 1 ko Air Force 1: Wanne Ƙafa Za Ta Fi Jurewa?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin takalmi ɗaya ne a hannunka, ranka na kan Air Jordan 1 mai dogon wuya, amma a tsaye kake yini a shago, ga shi an ce maka Air Force 1 ya fi daɗi a ƙafa. Waɗanda suka faɗa maka ba su yi ƙarya ba, sai dai da sauran magana.

Jordan 1 ya fito a 1985, Peter Moore ne ya zana wa Michael Jordan shi a farkon zuwansa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Chicago Bulls. Wajen kyau kam ba a haɗa shi da Air Force 1. Jikinsa siriri ne, launuka sun zauna daram, musamman mai ja da fari da baƙi. Matsalar tana ƙasa. Roba ce marar kauri, iskar da aka cusa a ciki kuma 'yar kaɗan ce, a diddige kawai. Da gangan aka yi shi haka, don ɗan wasa ya riƙa jin fili a tafin ƙafarsa in zai juya ko ya yi tsalle. To wasan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, minti 48 ne a kan katako, kai kuwa siminti za ka taka daga safe har magariba. Gabansa ma matsattse ne. Mai faɗin ƙafa, ƙaramin yatsansa ne zai fara faɗa masa.

Air Force 1 ya girme shi da shekara uku, zanen Bruce Kilgore ne na 1982, kuma shi ne takalmin ƙwallon kwando na farko da Nike ta sa wa iska. Ƙasansa kauri gare shi, gabansa da yalwa, har mutane da yawa kan rage rabin lamba in za su saya. Aibinsa nauyi. Tsayuwa lafiya lau, amma doguwar tafiya sai ka ji shi a ƙwauri. Farin kuma ba ya shiri da ƙura.

Kada ka sa ran laushin takalman gudu na yanzu a ko ɗaya. Fasahar shekara arba'in ce a cikinsu.

Ni dai don aikinka Air Force 1 zan ce ka ɗauka. In kuwa zuciya ta ƙi, sayi Jordan 1 ɗin, ka ƙara rabin lamba, ka cire shimfiɗar cikin ka sa mai laushi. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake sawa kullum.

In gwanjo za ka shiga, duka biyun ba su da saurin lalacewa, don ƙasansu roba ce, ba irin kumfar Jordan 3 na 1988 da ke marmashewa in ta tsufa ba. Lanƙwasa gaban dai ka duba ko gam ya saki.