Nonon uwa ko madarar gwangwani: abin dubawa kafin ki kashe kuɗi a Sakkwato

Duk mai cikin da ta shiga watanta a garin nan ta san kayan da ake tanada: zannuwa, bahon wanka, sabulu, man zaitun, filas, itacen wankan jego. Shekarun nan an ƙara fida da gwangwanin madarar jarirai a lissafin, har wasu dangin miji kan sako su cikin kayan barka don a ga sun yi bajinta. Kafin ki sa maigida ya sayo, ko ki fasa wanda aka kawo miki, ki tsaya mu auna abin tare. Ni dai nonon uwa nake goyon baya, ba kuma zan ɓoye ba.

Madarar shayi irin su Peak, Cowbell, Dano da Nido, da nonon akuya ko na shanu, da koko, duk ki fitar da su daga lissafi idan jaririn bai kai wata shida ba. Ba don shi aka yi su ba. Ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗaukar madarar dabba ba, koko kuwa cika ciki ne kawai. Zuma ma sai ya cika shekara. Abin da ya rage a gabanki huɗu ne: nononki kai tsaye, nononki da kika tatsa, nonon wata mace, sai madarar da aka haɗa musamman don jarirai.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe a kan magana ɗaya: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu ko fiye. Mu kam ba baƙon zance ba ne, don aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Matan Sakkwato ba su ƙin shayarwa, da yawa ma sai yaro ya yi wayo ake yaye shi. Inda muke da rauni shi ne wajen ba da shi zalla. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono ba haɗi. Sauran ana ɗura musu ruwa ko wani abu daban.

Na san abin da kaka za ta ce, don ni ma an faɗa mini: "Wanga zafi na Sakkwato, ki ce ba a ba ɗa ruwa? Kashe shi za ki yi?" Tausayi ne ya sa ta faɗa, sai dai amsar tana cikin nonon. Kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, mai kaurin na biyo baya. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, abin da jariri ke buƙata shi ne a yawaita sa shi a nono, uwar kuma ta sha ruwa ta ƙoshi. Cikinsa ɗan ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin nono, ga kuma abin da ruwan ya ɗebo daga jarkar 'yan garuwa ko randa.

Sai dakashi, wannan nono mai kauri rawaya na kwanakin farko da ake cewa ƙazanta ne a matse a zubar. Babu gwangwanin da ke ɗauke da abin da ke cikinsa ko nawa aka saye shi, domin sinadaran kariya ne daga jikin uwa suke shimfiɗuwa a hanjin jariri, su tare masa gudawa da ciwon huhu. Kaɗan yake fitowa, kuma kaɗan ɗin ya isa. A kwana ukun nan ne fida ke samun ƙofa. Nono bai kawo ba, yaro na kuka, mai jego ta gaji ko an yi mata tiyata, sai wata ta ce a sayo gwangwani ɗaya kafin ya kawo. To nono tsotso ke kiransa. Jaririn da ya ƙoshi da madara ba zai tsotsa da ƙarfi ba, ruwan nonon ya ja baya, a sake sayo gwangwani, kafin a yi arba'in kin zama mai sayen madara alhali ba ki yi niyya ba. Idan kina shakkar ko yana ƙoshi, kada ki auna da kuka. Ki duba fitsari, idan yana jiƙa zani kamar sau shida a yini da kwana bayan kwanakin farko, kuma nauyinsa na ƙaruwa ranar awo, to yana samu. Ki sa shi sau takwas zuwa goma sha biyu, har da dare. Idan kan nono ya tsage ko yana zafi, galibi kamun ne bai yi daidai ba: bakinsa ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye. Nas ko ungozoma a asibitin Maryam Abacha, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ɗakin shan magani na unguwarku, za ta iya gyara miki shi a zama ɗaya.

Gwajin da ake yi a tatsi nono a jefa tururuwa a ga ko ya lalace, a bar shi. Haka samun ciki a kan goyo ba ya mayar da nono guba, ki dai je awo ki gaya musu kina shayarwa. Uwa ma na da riba: shayarwa na taimaka wa mahaifa ta koma daidai bayan haihuwa, tana rage haɗarin sankarar mama, tana kuma jinkirta wani cikin a wata shidan farko muddin nonon zalla ne dare da rana kuma al'ada ba ta dawo ba.

Ma'aikaciya da ɗaliba su ne suka fi samun uzuri, ina kuma ganin uzurin. Dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 ta bayar na hutun haihuwa, na ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fi haka, amma duk ba su kai wata shida ba. Dokar ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana lokacin aiki, ki nemi haƙƙinki. Tatsa da hannu cikin kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa ya wadatar, ba sai kin sayi na'ura ba. Ƙa'idar ita ce awa huɗu a ɗaki mai sanyi, kwana huɗu a firij, amma da zafinmu da yadda wuta ke zuwa tana tafiya, ki rage lissafin: a ajiye kofin a inuwa kusa da randa, a ba shi da wuri, da ƙaramin kofi ko cokali.

Idan uwa ta rasu ko ta kwanta ciwo, kafin a tafi kemis a duba cikin dangi ko akwai mai goyo. Annabi (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. A yi mata gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, a kuma rubuta a sanar da dangi, don a mazhabarmu ta Malikiyya ko kaɗan nonon ya kai cikin yaro a shekarun shayarwa ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta.

Yanzu gwangwani. Akwai jaririn da madarar gwangwani ce rayuwarsa: maraya, ko wanda uwarsa ke shan maganin da likita ya hana shayarwa a kansa. Ni na raini marayar ƙanena da ita, don haka ba na zagin wadda dole ta sa. Amma a yi lissafi tukuna. Jaririn da madara kaɗai yake sha yana cinye kusan kilo 20 a wata shidan farko, wato gwangwani 50 na giram 400. Ki tambayi kuɗin ɗaya yau a Babbar Kasuwa, ki ninka sau 50, ki ajiye kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ba a sa gawayi ko gas na tafasa ruwa ba, ba a sa kuɗin asibiti ba. Gidan da ya fara bai iya ci gaba ba, ƙarshenta a riƙa rage cokali ana ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata, daga nan tamowa ta shigo.

Maganar wace ce ta fi tsakanin NAN, SMA, Aptamil da Cow & Gate ba ta da tsawo. Duk mai lamba 1, ta haihuwa zuwa wata shida, wadda ke da rajistar NAFDAC, ma'auni ɗaya aka gindaya musu. Mai tsada ba ta fi kusa da nono ba. Ki zaɓi wadda za ki iya saye kullum kuma take samuwa kusa. Mai lamba 2 ko 3 ba ta sabon haihuwa ba ce ko da ta fi araha, Cerelac kuma abinci ne na bayan wata shida.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne gwangwanin da ke hannunki da wanda ya sayar miki, a nan kuma aka taɓa ƙona ni. Lokacin rainon marayar nan wani ɗan uwa ya kawo mana gwangwanaye daga wani shago, yana murna ya same su da sauƙi. Garin ya dunƙule, yana warin tsohon mai, da aka kifa gwangwanin sai ga wurin kwanan wata an kankare an buga sabo a kai. Kafin a gane, yarinya ta sha, gudawa da amai suka kai mu gadon asibiti ana ƙarin ruwa. Araha ba ta ado. Tun daga ranar ba na karɓar gwangwani sai na juya gindinsa.

Ki duba ranar da aka yi ta, ranar lalacewa da lambar rukuni. Ki murza da yatsa, idan tawada ta goge, ko kika ga kankara ko takarda an manna a kai, ki ajiye. Ki nemi lambar NAFDAC. Kayan da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya daga kan iyaka, rubutunsu Faransanci ko Larabci zalla, ba lamba, ba ki san watannin da suka yi a bayan mota cikin rana ba, kuma yaya za ki karanta ma'aunin haɗawa? Ki cire murfin roba a gaban mai shago ki ga farin dalman da ke rufe bakin, kada ya kasance ya ɗago ko an liƙe shi da gam. Gwangwanin da ya lotsa, ya yi tsatsa ko ya kumbura, ki bar masa kayansa. Wanda aka jera a bakin shago rana na dukansa, shi ma haka. Madarar jarirai ta awo a leda kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, don ba ki da hanyar sanin ko madarar shayi ce aka gauraya da gari. Masu talla a WhatsApp da Facebook suna cewa kayan Landan ne, ki tambaye su shago da rasit, za ki ga yadda zancen ke mutuwa. Idan gwangwaninki ya ƙare, ki huda shi ko ki lotsa shi kafin ki jefar ko ki ba 'yan gwangwan, domin lafiyayyen gwangwani shi mai ha'inci ke nema ya sake cikawa.

Kada ki ce wa zai yi wa jariri haka. A 2008 a ƙasar Sin an zuba sinadarin melamin cikin madarar jarirai don ta ci gwajin inganci, yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Ita ma madarar ta gaskiya, garinta ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa a 2022 aka janye madara mai yawa daga kasuwa a Amurka. Don haka ake cewa a tafasa ruwa, ko na leda ne, a haɗa tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a fara zuba ruwan sannan garin, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe bakinsa daidai yadda aka rubuta, a huce sannan a bayar. Wadda aka haɗa ta kai awa biyu a zubar, ragowar da ya sha ma a zubar. Kofi ya fi fida sauƙin wankewa, robar fida na ɓoye dauɗar da ido ba ya gani. Gwangwanin da aka buɗe kada ya wuce kwanakin da aka rubuta a jikinsa, galibi mako uku zuwa huɗu.

Ki kuma yi hattara da kyauta. Tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallan madarar jarirai ga jama'a da raba samfur kyauta ga iyaye mata, Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, NAFDAC ke kula da ita. Duk wanda ya miƙa miki gwangwanin gwaji, ko ma'aikacin lafiyar da ya nace sai wani suna guda ba tare da ya duba yadda yaro ke kama nono ba, ki tambaye shi dalili.

Idan kika ci karo da gwangwanin da ba ki yarda da shi ba, kada ki mayar a canza miki kawai, don gobe wata za a sayar wa. Ki riƙe shi da rasit ɗin a kai ofishin NAFDAC na jiha. Jaririn da ya fara gudawa, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, fitsari ya ragu, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Kada a tsaya shafa magani a ka, a tafi asibiti a ranar, a tafi da gwangwanin likita ya gani.