Bargar da na sayi dokin kilisa a Jos

Na shafe kusan wata uku ina neman dokin hawa kafin na dace, kuma a cikin wurare huɗu da na zaga a Jos da kewayenta, barga ɗaya ce kawai ta cancanci in zauna in yi rubutu a kanta. Tana bayan gari ta ɓangaren hanyar Bukuru, mai ita kuma dattijo ne da ya daɗe yana sayo dawaki daga Borno da Chadi, ya horar da su, sannan ya sayar. Ni ba dokin wasan ƙwallon dawaki nake nema ba, ba kuma ingarman hawan sallah ba. Doki nake so mai sanyin hali wanda zan riƙa kilisa da shi da yamma, wanda kuma ɗana mai shekara 13 zai koyi hawa a kansa hankalina kwance.

Zuwana na farko da sassafe na yi shi, ban sanar da kowa ba, domin na riga na ga yadda wasu masu sayarwa ke sa a yi ta sukuwa da doki kafin mai saye ya iso, sai ka tarar da shi likis ka ɗauka ladabi ne, alhali gajiya ce. Na samu an share gindin kowane turke, ruwan sha mai tsabta ne, harawa da dusa suna ajiye a ɗaki nesa da danshi. Na bi dawakin ɗaya bayan ɗaya ina duba gefen bakinsu da ƙafafunsu, ban ga wanda linzami ya yaga wa baki ko dabaibayi ya ci wa fata ba, wannan kuwa ya nuna mini irin hannun da ke riƙe da su.

Abin da ya fi ɗaga darajar wurin a idona shi ne gaskiyar mai shi. An fito mini da dawaki uku: akawal, wato baƙin doki, da kili mai farin gashi, da wani danda mai dabbare-dabbare. Zuciyata ta tafi ga akawal ɗin nan take, saboda tsayinsa da yadda yake ɗaga wuya. Dattijon ya bar ni na gama yabonsa, sannan ya ce, "Alhaji, in don kanka ne kaɗai da na ba ka shi, amma tunda ka ambaci yaro, wannan yana da tutsu idan ya ji ƙarar babur, ba zan ɗora wa kaina alhaki ba." Akawal ɗin ne mafi tsada a cikinsu, ga shi ya ga na nuna so, amma da bakinsa ya karkatar da ni zuwa ga kilin. Ya kuma yarda in riƙa zuwa ina hawansa har kwana biyar kafin a yi maganar kuɗi. Na gwada shi a tafiyar hankali da sassarfa da sukuwa, na bi da shi bakin titi inda manyan motoci ke wucewa, na kuma sa an ɗaura masa sirdi a gabana don in ga ko zai yi cizo ko harbi idan an ja majayi, wato abin da ake ɗaure sirdi da shi ta ƙarƙashin ciki. Bai yi ko ɗaya ba.

A rana ta huɗu na zo da likitan dabbobi, abin da ba shi da wahala a nan, tunda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, yankin kuma bai rasa masana ba. A wani wurin da na je, da na ambaci likita sai fuska ta canza. A nan kuwa ɗan barga ne da kansa ya riƙe ragama. Likitan ya buɗe bakin dokin ya nuna mini cewa duk haƙoran gaba na girma sun fito, waɗanda kan cika a wajen shekara 5, kuma daga yadda suka fara cinyewa ya kimanta shi a kan shekara 7 zuwa 8, daidai da abin da aka faɗa mini. Ya saurari zuciyarsa da numfashinsa kafin gudu da bayansa, ya duba ido da jijiyoyin ƙafa, ya daɗe ƙwarai a kan kofato. Dalilinsa mai ƙarfi ne: ƙasar Jos duwatsu ce da tsakuwa, dokin da ya saba da yashin Borno kuma, in kofatonsa mai taushi ne ko mai tsaga, ba zai daɗe ba zai fara ɗingishi.

Duk da haka akwai abin da bai gamshe ni ba. Babu wata takarda da ke nuna ranar da aka yi wa dokin rigakafi ko aka ba shi maganin tsutsar ciki, komai a ka yake, kuma a ƙasar da cutar dawaki da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa take kisa da damina, wannan sakaci ne da bai dace da barga mai irin wannan tsari ba. Dole likitan ya sa muka faro komai daga farko. Farashinsu ma ya fi na sauran wuraren, ragin da aka yi mini kaɗan ne, sai dai babu dillali a tsakani, don haka ban biya la'ada ba. Sirdin da suka so haɗa mini da shi kuwa ban karɓa ba, domin yana danne wa dokin doron kafaɗa.

Kilin yana gidana wata biyu ke nan. Sau biyu ɗan barga ya zo, sau ɗaya don ya gyara masa kofato, sau ɗaya don ya ga yadda yake cin abinci da sanyin hunturu ya shigo, bai kuma karɓi komai ba sai kuɗin mota. Yaron ya fara sassarfa shi kaɗai a fili, amma har yanzu ni nake riƙe ragama idan za mu tsallaka titi.