Tsakanin Equinox 800 da GPX 5000: wadda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da zaɓinka ya tsaya tsakanin na'urorin gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa guda biyu, wato Equinox 800 sabuwa da GPX 5000 ta hannu, kuma fitar taka ta ranakun hutu ce don neman ƙwayar zinari da tsofaffin kayan da ƙasa ta rufe, shawarata ita ce ka sayi Equinox ɗin, ka haɗa da ƙaramin faifanta mai inci 6 (faifai shi ne zagayayyen kan na'urar da ake sharawa a saman ƙasa), ka adana ragowar kuɗinka. Ita ce a hannuna yau shekara huɗu, kuma kafin ita na riƙe wata na'ura mai aiki irin na GPX, don haka abin da zan faɗa maka na gwada shi da hannuna a jar ƙasa da marmara.

Kamfani ɗaya ne ya ƙera su biyun, wato Minelab na ƙasar Ostireliya, amma hanyar aikinsu ta sha bamban. Equinox tana cikin jinsin da ake kira VLF. Faifanta yana sakin sigina cikin ƙasa babu yankewa, sannan ta auna yadda siginar ta sauya sa'ad da ta dawo, kuma daga wannan sauyin ne take kimanta irin ƙarfen da ke ƙasa, ta nuna maka lamba a allonta daga -9 zuwa 40. Baƙin ƙarfe, irin su ƙusa da guntun fartanya, yakan faɗa daga 0 zuwa ƙasa, azurfa babba kuwa takan haura can sama. Tana iya aiki da kilohaz (ma'aunin saurin kaɗawar sigina) 5, 10, 15, 20 ko 40, tana kuma iya haɗa da yawa daga cikinsu a lokaci guda, kuma na saman nan, 20 da 40, su ne ke jin ƙananan ƙwayoyin zinari. GPX kuwa jinsin PI ce: tana harba sigina, ta ɗauke, ta saurari yadda amsar ke dusashewa. Amsar ma'adinan da ke cikin ƙasa takan mutu da wuri, ta ƙarfe kuma ta ɗan jima, shi ya sa jar ƙasa mai tama da baƙin yashi ba su cika ruɗa ta ba. Abin da ta rasa shi ne lamba. Ba za ta gaya maka ko ƙusa ce ko zobe ba, kuma ɗan tsarin ƙin baƙin ƙarfe da ke jikinta bai kai mutum ya dogara da shi a wurin da ƙarafa suka yi yawa ba.

Fitar da ta sa na yarda da Equinox ɗina a gonar kawuna ce, bayan an gama girbi an kwashe kara. Gonar tana kan wani kufai, har yanzu akwai kukoki uku a tsaye da alamar rijiyar da ta rufta, kuma duk inda aka kai fartanya sai an tono katanga da kashin maƙera. Na nemi izininsa, na kuma sanar da mai unguwa, sannan na fara shara da faifan tun da hantsi. Na'urar ba ta yi shiru ko taku biyar ba, amma kusan duk ƙarar mai kauri ce, lambar kuma tana ƙasa da 0, sai in wuce ban sa diga ba. Can kusa da tsohuwar rijiyar sai sautin ya sauya, ya fito siriri, lambar ta tsaya wuri ɗaya ko daga wane ɓangare na zagayo. Na haƙa bai kai taƙi ɗaya ba, na watsa ƙasar a kan buhu, sai ga anini, da hudarsa a tsakiya da tauraronsa mai tsini shida. Kawu ya karɓa, ya tofa masa yawu ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa, sannan ya shiga lissafa mini yadda suka tashi suka tarar da kuɗi: anini goma kobo ɗaya, ga ɗari, ga taro, ga sisi, ga sule. Ranar ba mu koma gida ba sai da la'asar ta yi sanyi, yana biye da ni yana nuna mini inda mahaifinsa ya ce kasuwa take da inda marina take.

A fita ta uku a wannan gonar lambar ta haura 30, na tono liyari guda wanda aka liƙa wa kunne, alamar wata baiwar Allah ta taɓa rataya shi a wuya. A nan zan ɗan ja hankalinka, domin za ka iya yin irin kuskuren da mutane da yawa ke yi. Liyari shi ne dalar Mariya Taresa ta ƙasar Ostiriya, nauyinsa kusan giram 28 ne, mafi yawansa azurfa, kuma za ka ga 1780 a jikinsa. Wannan ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekarar aka bari a kansu, don haka lambar ba ta nuna tsufan wanda ke hannunka. Na bar wa kawu shi, tun da a gonarsa ya fito. Ramuka tara kawai na haƙa a wannan yinin, kuma da na'urar da ba ta tantance ƙarfe nake riƙe da ita, da na haƙa sun fi ɗari ban iso wurin ba.

Na san haka ne domin na yi shi. Na'urata ta farko PI ce ta wani kamfani daban, ta hannu, kuma na saye ta ne saboda kowa a lokacin maganar zurfi yake yi. Lafiyarta lau, aikin da aka ƙera ta dominsa take yi, amma a kufai ta sa ni bin kowace ƙusa da kowane guntun gwangwani har zurfin kamu, ga nauyi a kafaɗa, ga rana. Bayan wata takwas na sayar da ita da faɗuwa, kuma har yau ina jin ciwon kuɗin.

GPX 5000 tana shiga zurfi a ƙasa mai tama fiye da Equinox, wannan ba mai musu a kai. Ta fito a 2010, kuma ita da 'yan gidanta ne suka yi suna a filayen zinarin Sudan, da kuma Jado a arewacin Nijar bayan da aka gano zinari a can a 2014. Amma ka dubi su wa ke riƙe da ita a can: mutanen da suka bar gida na watanni, suna da mota da ruwa da masu haƙa, a sahara inda ba a taɓa zubar da ƙusa ba, kuma duk ƙarar da ta yi akwai kyakkyawan zaton zinari ne. Nauyinta kilo 2.4 ne ban da batir, batirin kuma daban ake goya shi da ɗamara da wayarsa, alhali Equinox ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, batirinta a cikinta yake, ana cajinsa da wayar USB ko da ƙaramin batirin cajin waya, kuma tana jure nutsewa a ruwa har mita 3. Kuɗin sabuwar GPX kuwa ya ninka na Equinox aƙalla sau huɗu.

Kada maganar zurfi ta ɗauke maka hankali kamar yadda ta ɗauke nawa. Curin zinarin da Kevin Hillier ya samu da na'ura a Kingower, jihar Biktoriya ta Ostireliya, a 1980, mai nauyin kilo 27, kimanin santimita 30 ne tsakaninsa da saman ƙasa. Taskar da Terry Herbert ya gano a Staffordshire ta Ingila a 2009, wadda zinarin cikinta ya kai kusan kilo 5, a cikin ƙasar da garma ke juyawa take, kuma da tsohuwar na'ura ya same ta.

Game da zinari a nan wajenmu, gara in gaya maka gaskiya tun kuɗinka na aljihu. Cikin shekara huɗu ƙwayoyi uku na samu, kuma in an haɗa su ba su kai giram ɗaya ba. Na same su ne da rani a gefen wani rafi, a filin wata ƙungiyar masu haƙa da ke da lasisi, waɗanda suka yarda na bi su. Na sa na'urar a tsarinta na zinari, na ɗaura ƙaramin faifan, na daidaita ta da ƙasar wurin ta hanyar ɗaga faifan da sauke shi har ƙarar ƙasa ta lafa, sannan na riƙa shara a hankali faifan na gogar tsakuwa. Akwai duwatsu masu tama da suka riƙa sa ta ƙara, kuma a nan ne PI ta fi ta natsuwa. Amma ƙwayar da ba ta wuce girman ƙwayar gero ba, siginar kilohaz 40 ta fi saurin jin ta fiye da tsohuwar PI mai babban faifai. Ka kuma sani cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke jin garin zinari, ko wanda ya watsu a cikin farin dutse. Mafi yawan zinarin Anka da Maru da Birnin Gwari irin wannan ne, sai an fasa dutse an niƙa an wanke, kuma niƙan irin wannan dutse a cikin gidaje ne ya jawo gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Duk wanda ya ce maka na'ura za ta nuna maka jijiyar zinari a cikin dutse, kayansa yake son sayarwa.

Ba ka tambaye ni batun masu sayarwa ba, amma kalmar "ta hannu" da ka ambata ita ta fi damuna a duk tambayar. Ba na jin akwai na'urar zinari da aka yi wa jabu kamar jerin GPX. Jabun sun cika kasuwannin Afirka har ribar Codan, uwar kamfanin Minelab, ta faɗo daga dalar Ostireliya miliyan 45 zuwa kusan miliyan 9 a 2014. Kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, kuma in aka wurga mata zobe a iska a cikin shago za ta yi ƙara, sai ka kai ta jar ƙasa ta rikice. Wanda jabu ta kama ba ya jefar da ita, wani yake nema ya sayar wa, kuma da sunan ta hannu take dawowa kasuwa. Equinox ma an fara kwaikwayon siffarta, don haka ko ita kada ka saya sai wurin dillalin da sunansa ke cikin jerin da kamfanin ya wallafa a shafinsa na intanet, ka duba lambar jikinta, ka karɓi rasit da takardar garanti, wanda na shekara uku ne.

Akwai kuma waɗanda suka fi masu jabu sharri, wato masu tallar na'urar hangen nesa, mai eriya biyu ko sanda mai juyawa, wadda ake cewa tana jiyo zinari daga nisan kilomita da zurfin mita ashirin ko talatin. Babu na'urar hannu da ke yin wannan. Na'ura ta gaskiya kan ji kwabo a zurfin da bai cika wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi ba, sai abu ya yi girma sosai kafin a ji shi a mita ɗaya. Wani abokina ya sayar da shanu biyu ya sayi irin wannan, mai sayarwar ya gwada masa a fili ta nuna inda shi da kansa ya binne sarƙa. Da muka buɗe akwatin daga baya, batir muka tarar da ƴan fitilu da wayoyin da ba su haɗu da komai ba, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga.

Ka riƙe batun doka tun kafin ka fara. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka neman zinari yana buƙatar lasisi ko bin masu lasisi, ko da gonar ta gado ce. Kayan tarihi kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ba a tono a wuraren tarihi ko fitar da kayan daga ƙasa sai da izininta. In ka ci karo da abin da ya wuce kwabo da zobe, kamar takobi ko tukunya cike da kaya, ka bar shi a inda yake, ka ɗauki hoto, ka sanar da gidan tarihi mafi kusa. Maƙabarta da ganuwa kuwa kada ka kusance su da diga, kuma duk ramin da ka haƙa ka mayar da ƙasarsa saboda dabbobin mutane.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da ƙusa mai tsatsa, da tsohon kwabo, da ɗan kunnen zinari mafi ƙanƙanta da za ka iya arowa a gida, da kuma leda cike da jar ƙasar wurin da kake son zuwa. Ka binne kowanne a cikin ƙasar da hannunka, mai shago yana gefe, ka shara faifan a kai. Ƙusar ta ba da lamba ƙasa da 0, kwabon ya ba da lamba tsayayya, ɗan kunnen kuma a ji shi da ƙaramin faifan. In ya hana ka wannan gwajin, ka ɗauki ledarka ka nemi wani shagon. Daga ragowar kuɗin ka sayi diga mai ƙwari, ka ɗaura mayen ƙarfe a bayanta don tsince ƙusoshi daga rami, da ludayin roba na rarraba ƙasa a gaban faifai, domin zoben da ke yatsanka ma na'urar tana jin sa.