Sandar filai ko ta koto? Ga mai neman tarfon a ruwan Jidda

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wace sandar kamun kifi za ka saya don neman tarfon a nan Jidda, ta filai ko ta koto. Sayi sandar koto, ka ƙyale ta filai tukuna. Kifin nan mai farin ɓawo da ka gani a bidiyo yana tashi sama da ruwa yana girgiza kai, wato tarfon, wanda shi ya jefa ka cikin wannan shawara, ba ɗan Bahar Maliya ba ne.

Babban tarfon na Tekun Atilantika ne. Ana samunsa a Filorida da gaɓar Meziko, sannan a namu ɓangaren na Afirka ta Yamma, daga Senegal har Angola. Mafi nauyin da aka rubuta an kama da ƙugiya, a Gini Bisau aka kama shi a 2003, kusan kilo 130. Kifi ne mai son bakin kogi da tafkunan gaɓa inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, kuma yana jure ruwan da iska ta yi ƙaranci a cikinsa, domin yakan taso ya haɗiyi iska da baki. To nan wane kogi muke da shi? Babu kogi ko ɗaya da ke zuba a Bahar Maliya duk shekara, shi ya sa gishirinsa ya fi na yawancin tekuna. Akwai wani ƙaramin ɗan'uwan tarfon a wannan yanki, amma sai ka shekara kana jifa ba ku haɗu ba. Da a Legas kake zaune, da maganar ta canza. Kuma ko ka kama shi, naman duk ƙaya ne. A Filorida ma tun 2013 doka ta ce a kama a saki. Kai kuma na san idan ka dawo gida hannu rabbana ka ce ka saki kifin, uwargida ba za ta fahimci wannan wasa ba.

Ita filai, ƙugiya ce da aka ɗaura wa gashin tsuntsu da zare don ta yi kama da ɗan kifi ko jatan lande. Ba ta da nauyi, saboda haka zaren ne mai nauyi, shi kake kaɗawa gaba da baya a iska har ya miƙe. Ka ga kenan kana buƙatar fili a bayanka kamar yadda kake buƙata a gabanka. Je ka gwada wannan a Kornish, bakin tekun Jidda inda ake shaƙatawa, ranar Juma'a da yamma, iyalai sun shimfiɗa tabarmi, yara na guje-guje, ka ga inda ƙugiyar za ta sauka. Ga iskar arewa da ke tasowa bayan azahar tana mayar maka da zaren a fuska. Mutanen bidiyon nan a ruwa mara zurfi suke, wani na tura musu kwale-kwale da gora, suna ganin kifin da ido kafin su jefa. A ƙetaren Sudan, arewa da Bur Sudan wajen Dungunab, akwai irin wannan shimfiɗaɗɗen ruwa, kuma Turawa sun riƙa zuwa da filai suna kama manyan bayad, wani kifi mai ƙarfin ja. Inda ta dace tana aiki, ban hana ta wannan ba. Ina da guda ɗaya a saman kwaba cikin kwanonta. Ba ta yi min laifi ba, ba ta kuma yi min komai ba.

Sandar koto kuwa ita ta san ni, ni na san ta. Wata ranar Alhamis muka tafi Shu'aiba, kudu da Jidda, wurin da shi ne tashar jiragen Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda. Muka tarar da wani dattijo Bakabe, haifaffen gidan masunta, wanda ya daɗe a ƙasar nan. Ba shi da sanda ma, jalab ne kawai a hannunsa, zare naɗe a katako da dalma da ƙugiya biyu. Ya dubi yadda nake soka habbar, wato wani naman teku mai taushi da hannaye da yawa da ake yin koto da shi, ya ce, "Yaro, kifin nan ba baƙonka ba ne da za ka cika masa kwano." Ya karɓa ya yanka siriri kamar yatsa, ya soka sau biyu ya bar jelar tana lilo. Kafin a kira magariba na fitar da kifin sha'ur masu kyau, bayan isha kuma wani bayad ya ja zaren har makina, wato na'urar naɗe zare, ta yi kuka, na riƙa bin sa a gefen dutse ina salati. Daren nan a gidana aka yi sayadiyya, wato shinkafa da kifi, har maƙwabta suka samu. Baba bai karɓi ko ɗaya ba, ya ce nasa sun ishe shi, shayi kawai ya sha da mu.

Ga abin da za ka nema. Sanda mai tsawon mita uku ko ƙasa kaɗan, makina mai lamba 5000 ko 6000 wadda aka yi don ruwan gishiri, zaren saƙa a ciki, sannan ka ƙulla masa lailon mai kauri, tsawonsa kamar gaba guda, a baki, domin murjani na yanke zaren saƙa nan take. Wajen koto, habbar ya fi zama a ƙugiya. Sardin ya fi ƙarni, yana kiran kifi daga nesa amma yana saurin zubewa. Jambari, wato jatan lande, kowane kifi na so, shi ya sa ƙananan kifi ke sace shi kafin babba ya iso. Sayi ƙugiya mai lanƙwasa ciki, wadda bakinta ya juyo kamar zobe. Da ita ba a fizga, kifi ya ɗauka sai ka naɗe a hankali, ita da kanta za ta kama gefen baki. Hamur, kifin da ke zama a ramukan murjani, shi ne kawai ba a yi wa sanyi: da ka ji shi ka ɗago shi da ƙarfi, idan ya shige rami a cikin murjani kun rabu, har da dalmarka. Kana dawowa gida ka wanke makina da sanda da ruwan famfo, in ba haka ba gishiri zai cinye su kafin shekara ta zagayo.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Makina ta jabu mai ɗauke da sunan Shimano ko Daiwa ta cika intanet da wasu shaguna. Kwalin ya yi kyau, sunan ya zauna daidai, amma ka juya hannun ka ji yana karkarwa, ka ja zaren ka ji birkin na kamawa yana saki. Idan farashin ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ajiye musu kayansu, araha ba ta ado. Haka zare, sai a rubuta ƙarfin da bai kai ba. Habbar da ya narke aka sake daskarar da shi yakan yi ja-ja ya yi laushi, kada ka karɓa. Duk mai jirgin da ya ce ka biya ya kai ka inda tarfon yake a ruwan nan, kuɗinka yake so.

Fita teku da jirgi sai da izinin Haras al-Hudud, wato masu gadin iyaka, kuma ka riƙe iƙamarka a jiki ko a gaɓa kake. Akwai wuraren da aka kafa allon hana su, akwai kuma lokacin da ake hana kama kifin najil a kowace shekara saboda ƙwai, ka tambaya kafin ka sa shi a kula. Kada ka shiga ruwan murjani da silifas, akwai kifin dutse mai dafi da ke kwance kamar tsakuwa, nemi takalmi mai kaurin ƙasa. Idan ka je shagon, turo min hoton makinar da kwalinta kafin ka biya.