Sharhi kan aikin dashen ƙwai da aka yi mini a Kaduna

Bayan shekara tara da aure babu haihuwa, ni da maigidana muka sayar da filinmu na Rigachikun muka nufi wata cibiyar dashen ƙwai a cikin garin Kaduna, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa. Ta fuskar tarba da tsafta ban ga abin kushewa ba, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta koya mini yi wa kaina allura a fatar ciki ta yi haƙuri da ni ƙwarai. Ƙorafina a kan lokaci yake.

An ciro mini ƙwai 11 da safiyar wata Alhamis, kimanin awa 36 bayan allurar ƙarshe, aka zuba su wuri ɗaya da maniyyin maigidana domin su haɗu da kansu, tunda gwajinsa bai nuna matsala ba. Washegari likita ya zaunar da mu, ya rufe fayil ɗin da ke gabansa, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, ko ɗaya bai kama ba." Nan take suka koma ga hanyar da ake kira ICSI, wato a tsinci ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwan da siririyar allura, amma a lokacin ƙwayayen sun kwana, sun haura awa 20 a waje.

Sai da na tsananta tambaya masanin ɗakin gwajin ya bayyana mini cewa ƙwai yana tsufa da sauri bayan an ciro shi, shi ya sa allurar washegari ba ta cika ba da sakamako mai kyau ba. Wasu cibiyoyin, in ji shi, sukan leƙa bayan awa 4 zuwa 6 su nemi wani ɗan ɗigo na biyu da ƙwai ke fitarwa a gefensa idan maniyyi ya shige shi, wanda babu wannan alama a jikinsa sai a yi masa allurar tun yana da ƙarfinsa. Bai ɓoye mini haɗarin ba: mai dubawa yana iya kuskure ya ƙara maniyyi a ƙwan da ya riga ya kama, ya lalace. Na yarda da wannan, sai dai kuɗinmu ne da jikina, ya kamata a shimfiɗa mana zaɓin tun kafin mu sa hannu a takarda, ba bayan aikin gama ya gama ba.

Bayan allurar ICSI ɗin, uku suka kama, ɗaya ne kawai ya kai kwana biyar. A nan kam na yaba musu, domin sun ƙi dasa shi a wannan zagayen, suka ce girman ɗan tayin ya yi jinkirin kwana guda, bai yi daidai da shirin mahaifata ba, don haka suka daskarar da shi. An ba ni ranar komawa bayan al'adata ta gaba, kuma na gaya wa likita cewa idan har ta kai ga sake ciro ƙwai, a raba su biyu tun ranar farko, rabi a yi musu allurar kai tsaye.