Maɓallin wuta: a ƙafar furosesa ko ta cif ɗin wuta?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana haɗa 'yar na'ura mai Linux da za ta riƙa lura da famfon sola a gonar noman rani can Kwalkwalawa kusa da Sakkwato, kana son manomi ya kunna na'urar ya kashe ta da maɓalli ɗaya. Abin da ya shige maka duhu shi ne ko ka haɗa maɓallin da ƙafar GPIO ta furosesa, wato ɗaya daga cikin ƙafafun da yake karɓa ko aika sigina ta cikinsu, ko ka bi ta cif ɗin da ke kula da wuta, wato PMIC. Na taɓa aiki da duka biyun, bari in faɗa maka abin da na gani.

Daga sama duk ɗaya suke. Ko ta ina ka bi, direba, wato manhajar da ke haɗa maɓallin da Linux, zai aika saƙon KEY_POWER, lamba 116, sai systemd-logind, manhajar da ke yanke abin da za a yi da saƙon, ya karɓa ya duba abin da aka rubuta a HandlePowerKey, ya rufe komai a tsanake. Bambancin yana ƙasa: wa ke jin maɓallin idan furosesa ya yi barci, ko ya daskare?

Hanyar GPIO ita ce mai sauƙi. Waya biyu, maɓalli ɗaya, layuka kaɗan a bishiyar na'ura (device tree, fayil ɗin da ke faɗa wa Linux abin da ke haɗe da allon), direban gpio-keys ya ɗauka daga nan. Yana aiki kamar sallama a ƙofar gida: furosesa na can yana harkarsa, sai an danna ya waiwayo. Yana da ɗan'uwa, gpio-keys-polled, wanda shi furosesa ne ke leƙa ƙofar kowane ɗan lokaci ya ga ko akwai baƙo. Wannan ka bar shi sai in ƙafar da ka samu ba ta iya katse furosesa, domin ba ya tayar da na'urar da ta yi barci. Shi kuwa na farkon yana tayarwa idan ka sa masa wakeup-source, kuma ƙafar tana cikin masu iya tayarwa.

A nan ne ƙurar Sakkwato ke shigowa. Ƙarfen cikin maɓalli ba ya haɗuwa cak, sai ya ɗan yi rawa tukuna. Direban gpio-keys yana jiran milisakan 5 in ba ka faɗa masa wani abu ba, kuma a kan teburi hakan ya isa. Na taɓa ajiye wata na'ura a waje tun farkon hunturu. Da na buɗe ta bayan wata biyu, ja-jan ƙura ta cika ramin maɓallin, danna ɗaya yana fitowa sau uku ko huɗu a evtest, manhajar da ke nuna kowace dannawa. Na ɗaga debounce-interval, wato lokacin jiran nan, zuwa milisakan 50, na lulluɓe maɓallin da roba, abin ya lafa.

In allonka Raspberry Pi ne, an riga an sauƙaƙa maka: ka rubuta dtoverlay=gpio-shutdown a config.txt, ka haɗa maɓallin tsakanin GPIO3, ƙafa ta 5, da ƙafar ƙasa (GND). Ƙafar nan ita ce kuma ke tayar da allon bayan an rufe shi. Sai dai a kula, GPIO3 ita ce layin agogon I2C, wata hanyar magana tsakanin furosesa da ƙananan na'urori, to idan na'urar auna danshin ƙasarka ta I2C take magana, za su yi rigima a kan ƙafa ɗaya. Kuma Pi 4 da waɗanda suka gabace shi, ko an rufe su suna ci gaba da shan batir muddin wutar volt 5 tana haɗe. Pi 5 da ya fito a 2023 ne ya zo da maɓallinsa na kansa.

Hanyar PMIC ta fi wahalar shiri, amma ita zuciyata ta fi kwanciya da ita. Ɗauki BeagleBone Black: furosesansa AM335x ne, cif ɗin wutarsa TPS65217, maɓallin kuma da cif ɗin yake haɗe. In aka danna, cif ɗin ya taɓo furosesa, direban tps65217-pwrbutton ya aika KEY_POWER kamar kullum. Amma shi cif ɗin ba ya barci, shi ke riƙe da wutar kanta. Ko furosesa ba shi da wuta sam, danna ɗaya zai tashe shi. In kuma Linux ya daskare a ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40 kuma akwatin ƙarfe ya ɗauki rana, manomi zai danne maɓallin na daƙiƙa 8, wuta ta yanke ko furosesa ya sani ko bai sani ba. Da GPIO kaɗai babu wannan. Kanel, wato zuciyar Linux, in ya daskare ba ya jin sallamar kowa, sai a zare waya. Allunan Allwinner masu cif AXP209 ma haka suke, da direban axp20x-pek.

Tunda naka aiki a kan batir yake, gonar kuma ba kullum za ka je ba, ni dai allo mai PMIC zan saya. In ka riga ka sayi Pi, yi amfani da gpio-shutdown, ka kunna agogon gadi (watchdog) na cikin furosesa domin ya sake tayar da na'urar da kansa idan ta daskare. Kuma don Allah ka zauna da manomin ka nuna masa da hannunsa: ɗan taɓawa ita ce kashewar yau da kullum, doguwar dannawa a allo mai PMIC ta ranar larura ce, domin yanke wuta ana tsakiyar rubutu yana lalata katin mimori. Turo mini sunan allon da ƙafar da ka zaɓa, mu duba bishiyar na'urar tare.